Kujerar Mai Saurare

"Inna ta ce a'a, Sadiƙa..." Hafizullahi ya faɗa yana juya makullin babur a hannunsa. "Wai lauya ba ta zaman aure, gardama ce abincinta."

"Kai kuma mi ka ce?"

"Na ce ke nika so, sanyin idona. Sai ta tashi ta ba ni wuri."

Sadiƙa ta kawar da kai. Shekara uku tana gina gidansu a zuciyarta, har launin labule ta zaɓa, ga shi tsohuwar da ba ta taɓa zama da ita ba tana neman rushe shi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Haka ta kwashi damuwarta ta kai ofis, Barista Hajjo kuwa kallo ɗaya ta yi mata ta gano. Ita ta ɗauke ta aiki a nan Sabon Birni tun tana sabuwar lauya, ta koya mata har yadda ake tsayuwa gaban alƙali. Ta saurari labarin, ta ce, "To," ta ci gaba da rubutunta.

Baristar nan tana da doka ɗaya. Ba mai zuwa kotu sai ya tsaya ya bayyana shari'arsa da Hausa tsantsa ga wanda bai taɓa shiga aji ba. Akwai kujerar roba da aka ware, mai goro ya zauna a kanta, mai wankin hula ma haka. In mai sauraren ya ce bai gane ba, sai a sake.

Ranar Alhamis Sadiƙa za ta fara tsayawa ita kaɗai a kotun garin Isa, kan gonar wata mata 'yar ƙauyen Turba da 'yan'uwan mijinta suka ƙwace bayan rasuwarsa. Abokin aikinta Abdulrazak ya yi sawu biyu kafin ya samo dattawan da suka san iyakar gonar.

Da safiyar Talata ta shigo da takardunta, sai ta yi turus. Inna Fatu ce a kujerar, mahaifiyar Hafizullahi, fuska a murtuke.

"Ƙawata ce tun muna 'yan mata," in ji Barista, kamar ba ta san komai ba. "Bisimilla, ɗiyata."

Sadiƙa ta fara, Turanci na kuɓuce mata.

"Ban gane ba," Inna ta katse ta.

"Aje takardar," Barista ta ce a hankali. "Hwaɗa mata abin da kika gani."

Sadiƙa ta lumshe ido. Sai ga gonar a gabanta, gero ya yi kore shar bayan ruwa, iska na kaɗa shi, matar tana tsaye a bakin iyaka da goyo ba ta da ikon shiga. Haka ta riƙa faɗa, ta kawo tumunin matar, wato kasonta na ɗaya bisa takwas a gado, da rabon marayu, ta manta da wadda ke saurare.

"Ɗiya nawa ya bar mata?" Muryar Inna ta sauya.

"Huɗu, Inna."

"Ni ukku..." Tsohuwar ta goge ido da gefen mayafi. "Gonar baban Hafizu tana nan hanyar Alkalawa. Ko arba'in ba a yi ba danginsa suka rabe ta. Babu wanda ya tsaya ya ce ina da haƙƙi."

Sadiƙa ta durƙusa gabanta, hawaye na zuba.

"Alhamis kika ce?"

"I, Inna."

"Za ni bi ki in gani da idona. Hafizu shi samo muna mota." Ta riƙo hannunta ta tashe ta. "In an tashi daga kotu kuma mu biya gidanku. Ina da magana da mahaifiyarki."