Shanun da Inna Hamdiya Take Kira

Magariba ta kawo kai a gidan marigayi Ɗanmaliki da ke Kebbe. Ruwaida tana tuƙa tuwo sai dutse ya sauka a kan kwanon ɗaki. Na biyu ya fasa tulu. Ta waiwaya. Mahaifiyarta ce, Inna Hamdiya, tsaye a tsakar gida tana jifa, tana kiran sunayen shanu da Fulatanci, da wata siririyar murya da ba a san ta da ita ba. Gidan kuwa ko ɗan maraƙi babu.

Haka aka shafe watanni. Da rana takan sa takalmi a tukunya, ko ta rantse ba a ba ta abinci ba alhali kwano yana gabanta. Rana na faɗuwa sai ta nufi ƙofa, wanda ya tare ta ya sha zagi da yakushi. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa, wai aljanar daji ce ta hau ta. Wanka da wanki da gadi duk suka faɗa kan Ruwaida. Ta rame, har ta soma tsanar muryar uwar da ta haife ta, abin yana cin ranta.

Wata Asabar yayanta Mu'awiyya, ma'aikaci a Tambuwal, ya iso da sarƙa da kwaɗo, da Malam Abdulganiyyu mai ruƙiyya.

"Sakacinki ya jawo wagga masifa," in ji Mu'awiyya. "In aljanar ba ta fita ba yau, ɗaure Inna za a yi."

"Ka ɗaure ta, ka koma Tambuwal ka yi barci," in ji Ruwaida.

Malam ya zauna ya yi ta karatu har duhu ya soma shiga. Gida ya yi tsit. Can muryar ta zo. Ya tambaya da Hausa, shiru. Ya sake da Fulatanci.

"Wa ke magana?"

"Hamdi, ɗiyar Arɗo. Ku sake ni. Shanu sun dawo ba a tatsa ba, Baffa zai buge ni."

"In na ba ki ƙwarya, za ki bar jifa?"

"Da igiyar maraƙi."

Aka kawo. Ta rungume ƙwaryar, ta durƙusa, yatsunta suna tatsa a iska. A hankali muryar ta tafi.

Malam ya ɗago ya dubi Mu'awiyya.

"Babu aljana nan. Ita ce, lokacin tana ƙarama a ruga. Ciwon mantuwa na tsufa ne. Uwata ta yi shi, munka yi ta turara mata hayaƙi hat ta rasu. Ku kai ta asibiti. Ɗiyar ga mai jinya kuma ku karɓe ta, tun ba ta faɗi ba."

Ran Mu'awiyya ya ɓaci. Aljana ya so a samu, wadda za a kora yau ya hau babur ya tafi.

"Malam, sake dubawa."

"Na duba."

Ruwaida ta miƙe ta nufi ɗakinta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta ko dubi yayanta ba.

"In Inna ta tashi, Baffanta taka nema. Ka ce kai ne."

Ta shiga ta sa sakata.