Hannun Da Kinako Ta Ƙi Hawa

Ruwan sama ne ya koro Koharu cikin shagon dabbobin da ke ƙarshen layin kasuwarmu a garin Numazu. Ita dai 'yar mai shinkafa ce, ta tashi a gidan da ake yi wa duk wani mai kama da ɓera kallon abokin gaba. Tana karkaɗe lemarta sai ta hango wani saurayi durƙushe gaban keji, ya shimfiɗa tafin hannunsa a ciki, ko motsi ba ya yi.

"Malam, lafiya?"

"Yi shiru kaɗan, don Allah. Ta kusa fitowa."

Can sai ga wata 'yar hamsta mai ruwan ƙasa, irin ƙaramar dabbar kiwon nan mai kama da ɓera, ta leƙo daga cikin garin katako. Ta shinshina yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta haye tafin ta zauna kamar gidan ubanta.

"Kwana goma sha biyu ina jiran wannan," in ji shi. Ya ɗago kai, suka haɗa ido, ya manta sauran maganar.

Sunansa Rikuto, a shagon yake aiki. Kafin ruwan ya ɗauke ya gaya mata cewa hamsta ba ta gani sosai, da hanci take sanin mutum, kuma ba ta hawa hannun da ba ta san ƙamshinsa ba. Koharu ta riƙe wannan magana gam, kuma ita ce ta zo ta hana ta barci daga baya.

Sati uku tana ƙirƙiro dalilin bi ta ƙarshen layi. A na huɗu ta zaɓi wata ƙanwar hamstar nan, ta sa mata suna Kinako. Sai dai ina za ta kai ta?

"Ɓera?" Mahaifinta Baba Kuwabara ya dire buhun da ke kafaɗarsa. "Shekara arba'in ina yaƙi da su a shagon nan, yau 'yata ce za ta shigo min da ɗaya ta ƙofar gaba?"

"Baba, ba ɓera ba ce."

"An dai yanke mata wutsiya. Shi kuma yaron da ke aiko miki saƙo kina murmushi kan sikeli, ki gaya masa mai kiwon ɓera ba ya auren 'yar mai shinkafa."

Haka Kinako ta koma gidan kakar Rikuto, inda yake zaune. Ya tsara wa Koharu yadda za a yi. Sati ɗaya ba wanda zai taɓa ta. Daga nan kullum Koharu ta cusa tishu a hannun rigarta ta wuni da shi, da yamma a sa mata a keji ta saba da ƙamshin. Ba a tada ta daga barcin rana, ba a cafko ta daga sama kamar shaho.

Saƙonni kuwa ba a magana.

"'Yar shinkafata, yau ta ja tishunki zuwa ɗakinta. Ni ma da za a ba ni ɗaya ina so."

"Kai Riku, ba ka da kunya. Ta ci abinci?"

"Ta cika kumatu biyu. Ni ne dai ban ci ba, ina jiran Lahadi."

Duk Lahadi da yamma, lokacin da Kinako ke farkawa, Koharu kan yi kwalliya, ta shafa man hannunta mai ƙamshin tuffa, ta je ta gaida Kaka, ta zura hannu a keji. Duk Lahadi kuma sai Kinako ta shinshina ta gartsa mata cizo. Lahadi huɗu, filasta huɗu.

"Ba ta sona," in ji Koharu kamar za ta yi kuka.

"Za ta so ki. Haƙuri dai."

"Kai tana hawa naka."

"Ai ni ta sanni."

Ran Lahadi ta biyar suna zaune sai ga sallama. Shiori ce, abokiyar aikin Rikuto, doguwa mai gajeren gashi, wadda duk layi ya san tun suna makaranta take bin sa da ido. Ta ce garin katako ta kawo daga shago, ko da yake ba wanda ya aike ta.

"Wayyo, ita ce mai cizon?" Ta dubi filastar Koharu, ta yi 'yar dariya. "Bari in gaishe ta."

Ta durƙusa ta shimfiɗa hannu, yatsu a haɗe. Kinako ta fito da gudu, ko tsayawa ba ta yi ba, ta haye, ta cusa hanci tsakanin yatsun.

"Ah to," in ji Shiori, tana kallon Rikuto. "Ai mun saba."

Koharu ta tuna maganar Rikuto. Hamsta ba ta hawa hannun da ba ta san ƙamshinsa ba, da bakinsa ya faɗa. To sau nawa wannan hannun ya shigo gidan nan? Ita da aka ware wa Lahadi kaɗai, wa ke da sauran kwana shidan?

"Haru-chan, tsaya mana!" Rikuto ya kira ta da sunan lelen da ya sa mata.

Ina! Ta zura ƙafa a takalmin da ta fara tararwa a bakin ƙofa, ta fice ruwan hawaye na bin kumatunta.

An ce kishi kumallon mata, in ya motsa sai an harar. Na Koharu bai sami hanyar fita ba, sai ya zauna mata a ciki yana ci. Wayarta ta yi ta ƙara, ta kife ta a kan tebur. Saƙo ɗaya kawai ta tura:

"Ka ba Shiori ita. Tunda sun saba."

Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Ta auna wa matar mai wanki shinkafar tuwo a maimakon ta dafawa. Duk doguwar mace da ta gifta ƙofar shago sai ta bi ta da harara, har da mai kawo wasiƙa, wadda ta yi jika. Da ta rufe ido hannun nan take gani, da Kinako a kai, da Rikuto a gefe bai ce komai ba. Rashin cewa koman nan ya fi cizon zafi.

Ran Laraba Baba Kuwabara ya tsaya a bakin ƙofar gida yana duban wasu tsofaffin takalman katako.

"Na wane ne waɗannan?"

Koharu ta sunkuyar da kai. Na Kaka ne.

"Kwana uku takalmin tsohuwa yana gidana?" Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi ja. A layinmu ana iya yafe faɗa, amma ba a yafe irin wannan. Ya ƙulle sabuwar shinkafa a 'yar jaka ta ban haƙuri. "Tashi. Ke kika ɗauko, ke za ki mayar."

Kaka ta karɓe su da fara'a, ta zuba shayi. Baba ya rusuna sau uku. Rikuto na zaune a gefe, idonsa ya faɗa, shi ma da gani bai ci ba. Kaka ba ta iya riƙe magana, don haka kafin shayi ya huce Baba ya ji labarin duka.

"Ina ɓeran yake?" ya tambaya.

Aka nuna masa keji. Ya naɗe hannun riga, ya taɓa jakar shinkafar kamar mai gyara ɗaurinta, sannan ya durƙusa ya shimfiɗa ƙaton hannunsa a ciki, yatsu a haɗe. Kinako ta leƙo. Ta ɗaga hanci. Sai ga ta a kan tafin Baba Kuwabara, mutumin da bai taɓa ganinta ba.

Koharu ta saki baki.

"To," in ji Baba, "kenan ni ma ina zuwa gidan nan a ɓoye?"

Ya buɗe yatsunsa. Ƙwayar shinkafa biyu ce a maƙale, Kinako ta riga ta tura ɗaya a kumatu.

"Abin da na gani kenan ran Lahadi!" Kaka ta tafa hannu. "Ƙwayar kabewa yarinyar nan ta maƙale. Na gaya wa wannan sakaran, ya rubuta miki, kin ƙi dubawa."

Koharu ta zaro wayarta. Saƙo goma sha ɗaya. Na ƙarshen ya ce:

"Haru-chan, Shiori ba ta taɓa shigowa gidan nan ba sai ranar. Na gaya mata kada ta sake. Ban yi magana a lokacin ba don mamaki ya kama ni. Ba na ba kowa Kinako. Ba na ba kowa kaina. Ki dawo, don Allah."

"Amma ni me ya sa take cizona?" ta faɗa da ƙaramar murya, don kishi ba ya sauka lokaci ɗaya.

Baba ya kamo hannunta ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Tuffa! Kin shafa wa yatsa ƙamshin abinci kin miƙa wa ɓera, kina so ya yi miki gaisuwa? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari." Ya juya ga Rikuto. "Kai kuma gwani, ba ka san wannan ba?"

"Na sani, Baba. Tun Lahadin farko."

"Shi ne ka bari ana cin yatsun 'yata?"

Rikuto ya kafa goshi a tabarma. "Na ga domina take shafawa. Na kasa ce mata ta daina. Kullum ina cewa sai Lahadi mai zuwa. Laifina ne."

"Sakarai biyu," in ji Baba. "Je ki wanke hannu da ruwa zalla."

Da ta dawo, Rikuto ya ɗaga rufin ɗan ɗakin Kinako a hankali. Sheƙar ciki fara fat, duk tishun Koharu ne, an yayyaga an lulluɓe.

"Cikin ƙamshinki take kwana wata guda," ya ce. "Ke ta sani. Tuffar ce ba ta gane ba."

Koharu ta shimfiɗa hannu, babu mai, babu ƙwaya. Kinako ta zo, ta shinshina tsohon tabon cizonta, ta ja da baya, ta sake dawowa. Sai ta ɗora ƙafa ɗaya, ta ɗora ta biyu, ta hau ta zauna tana wanke fuska. Koharu na kuka amma ta ƙi motsawa ko da ɗan yatsa.

Baba Kuwabara ya kurɓi shayinsa da ya huce.

"Yaro, kwana nawa ka yi kana jiran abin nan ya hau hannun 'yata?"

"Arba'in da biyu, Baba."

"Hm. Ita wannan 'yar tawa ta fi ɓeran saurin cizo, ka dai gani da idonka. In za ka iya, ka zo ran Asabar da kakarka. Amma kejin ba zai tsallaka ƙofar shagona ba."

Da bazara aka ɗaura auren a wurin ibadar da ke kan tudu, duk layi muka rufe shaguna muka hau. Shiori ma ta zo da kyautarta, ta rusuna ta nemi gafara. Amarya ta yafe mata da murmushi, amma na lura sai da ta leƙa tsakanin yatsunta.

Baba ya cika alkawari, keji bai taɓa shiga shagonsa ba. Shi ne dai kullum da yamma, in ya rufe, yake takawa gidan amarya da 'yar shinkafa a aljihu, wai ya zo duba lafiyar 'yarsa. Da Kinako ta ji takunsa sai ta sauka daga hannun Koharu ta ruga bakin keji.

"Riku, ka gani ko?" Koharu kan turo baki. "Yanzu kuma Baba ne."

"Bar masa ita, 'yar shinkafata," in ji angon, ya kama hannun nan mai tabo huɗu. "Ni nan na hau, ba na sauka."

Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai haƙurin uban, ya rage musu kaɗan daga kishin uwar.