Mariƙin Da Ya Zauna Daram

A kwarinmu na Trompia, inda aka gaji ƙirar bindiga tun kaka da kakanni, ba a saba jin ɓarawon da zai bar bindiga ya ɗauki mariƙinta ba. Wannan ne ya sa Sufeto Cominardi ya tafi da kansa gidan Likita Bontempi.

Libarbar Likita, wato ƙaramar bindigar hannu, tana cikin akwatinta na gilashi, irin ta albarushi da ake ƙerawa bisa samfurin na da. An cire mariƙinta na itacen zaitun mai sassaƙa, an sanya mata sabo.

"Nerina mai shara ce kaɗai ke da makulli," in ji Likita. "Wani Ba'amurke zai saye ta, ga shi an ɓata mini ciniki. A kama ta!"

Nerina ta ce, "Yallaɓai, ni da ko kwalbar giyarsa ba na taɓawa, me zan yi da guntun itace?"

"Wa ya shigo jiya?" Sufeto ya tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. "Babu kowa."

Sufeto ya bi mahaɗar itace da ƙarfe da farcensa. Farcen bai kama komai ba. A kwarin nan ko jariri ya san babu libarba biyu masu ƙugun ƙarfe iri ɗaya sak. Mariƙin kanti sai ya bar giɓi, sai an zauna da bindigar ana gogewa da magagari. Wannan kuwa ya zauna daram, alhali bindigar ba ta bar gidan ba.

"Wa ya yi na farkon?"

"Tarcisio, ɗan tsoho Egidio. Ya rasu bara," in ji Likita.

Sufeto ya sami Egidio a shagonsa yana shafa wa katako mai da tafin hannu.

"Baba, yaushe rabonka da libarbar Likita?"

"Kai ɗan Cominardi, ubanka ma bai yi mini irin wannan tambaya ba. Na manta kamanninta."

"To wa ya yi mariƙin da farce ba ya kamawa, ba tare da bindiga a gabansa ba? Sai mai ma'aunin farko."

"Masu hannu suna da yawa."

"Shi ke nan. Nerina za ta amsa a kotu."

Tsohon ya ajiye katakon. Ya ɗaga murfin teburinsa, ya fito da mariƙin naɗe cikin ƙyalle, tare da ma'aunin ƙugun libarbar da ɗansa ya yanka daga fallen kwano.

"Nerina kofi kawai ta dafa mini, don tausayi. Tana kicin na musanya. Wannan ne aikin Tarcisio na ƙarshe, daga zaitun ɗin da uwarsa ta dasa. Na roƙi Likita ya bar mini, ya ce in je in kalli hoto. Zai ƙetare teku, ni kuwa..."

"Da ka bar ta tsirara, Baba, da ban zo nan ba."

Egidio ya dube shi da mamaki. "In bar bindiga ba mariƙi? A kwarin nan?"

Sufeto bai fito da ankwa ba. Magabatansa ma ba su taɓa ɗaure hannun maƙeri ba. Ya ɗauko hular tsohon ya miƙa masa.

"Shaidar nan ta cikin ƙyalle tana da nauyi, Baba. Riƙe mini ita har ofis."

Suka tafi a ƙasa, ta doguwar hanya.