Sunan Bapak

Ana gab da kiran magariba na koma ɗakin bincikenmu a birnin Solo, don ɗauko lemata da na manta.

Mahaifina, wanda muke kira Bapak, wato Baba, maƙerin gong ne, ƙaton faifan tagullar nan da ake ratayewa a buga. Na ƙarshe da ya ƙera ya tsage bayan rasuwarsa, muryarsa ta mutu. Ni kuwa lissafin sauti na karanta, sai na ɗauri aniyar sake ƙera shi a cikin kwamfuta, da kaurinsa da haɗin tagullarsa da sawun kowace guduma. Kewar Bapak ce ke cina, so nake in sake jin hannunsa.

Ibu, mahaifiyata, ta tambaye ni da wane suna nake ƙirar. Maƙeranmu ba sa shiga maƙera da sunansu na gaskiya, na aro suke ɗauka don kada aljanun wutar su gane su. Na yi dariya, na ce kwamfuta ba ta da wuta.

"Nduk, 'yata, taurin kan ubanki kika ɗauko, ba ki ɗauko tsoronsa ba," in ji ta.

Ina buɗe ƙofa warin gawayi ya buge ni, da na narkakkiyar tagulla. Ashe na bar lissafin yana tafiya, ga sunana ɓaro-ɓaro a saman allon.

Lasifika ta fara amo. Guduma uku, bi da bi.

Sai gong ya yi kuka. Shi ne. Muryar tana hawa tana sauka kamar numfashin mai barci. Hawaye suka zubo mini.

A ƙarƙashin amon wani abu ya kira ni da sunana.

"Ningsih."

Bakina ya buɗe da kansa.

"Kada ki amsa, Nduk." Raɗar Bapak ce, dab da kunnena.

Aka sake kira, kusa. Zafi ya dafa ƙeyata.

Sai na ji Bapak ya ɗaga murya ya faɗi sunansa na yanka, wanda ya ɓoye wa wuta duk rayuwarsa. Ya ce ga shi, a ƙyale yarinya.

Zafin ya sake ni. Na fizge wayar wuta, na fita ba takalmi.

Tun ranar babu wanda sunan Bapak na yanka ya zauna masa a ka a gidanmu. Mukan karanta shi a jikin kabarinsa, kafin mu kai bakin titi ya gushe. Ibu ba ta taɓa yi mini faɗa ba, wannan ya fi ci mini rai. Idan ta idar da salla takan ɗaga hannu ta daɗe tana laluben sunan, sannan ta ce:

"Ya Allah, mijina. Kai dai Ka san shi."