Kuɗin Farko na Ɗanasabe

Wanda ya ga Ɗanasabe yau zai ce dama can mugu ne. Ba haka ba ne. Yaro ne mai kunya, ɗan Malam Sufyanu manomin shinkafa a Bakolori, kuma duk Talata Mafara babu ɗan tsakiyar da ya kai shi iya raba ƙwallo, in ka cire mutum ɗaya. Wannan mutum ɗayan shi ya zame masa ƙarfen ƙafa.

Mujahid sunansa, ɗan garin Bakura. Tare suke buga tsakiya a ƙungiyar garin, tare suke atisaye, kwano ɗaya suke ci. Ranar da wani eja, wato dillalin 'yan ƙwallo, ya zo daga kudu neman 'yan wasa, Ɗanasabe ya buga wasan da bai taɓa bugawa ba, amma da aka tashi sai ejan ya dafa kafaɗar Mujahid ya ce ya shirya tafiya gwaji. Ɗanasabe ya rungume abokinsa yana murmushin yaƙe. Duk inda ya bi a kasuwa zancen Mujahid ake yi. Hassada ta shige shi, shi kuma ya shimfiɗa mata tabarma.

Wata Laraba da hantsi ya hau babur ya nufi bayan garin Faru, wajen wani boka da ake kira Falalu. Bukka ce guda a gindin tsamiya, ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. Rana na tsaka amma ciki duhu ne, ga ƙarnin tsohon jini ya haɗu da hayaƙin turare. A tsakiya an binne wata baƙar tukunya zuwa wuya, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, ƙahonin awaki sun kewaye ta. Falalu bai amsa sallama ba. Ƙafafun yaron kawai ya tsura wa ido.

"Mi kaka so? A ɗaga ka, ko a kada shi?"

Ɗanasabe bai faɗi sunan kowa ba tukuna, amma bai tsaya mamaki ba. Ya ce duka biyun yake so. Boka ya yi wata 'yar dariya, ya ce ba a taɓa zo masa da ƙaramin buri ba. Ya karɓi takalmin ƙwallon yaron na dama, ya yanka baƙin zakara a kansa har jini ya cika tsakanin ƙusoshin, sannan ya kife shi a bakin tukunyar. Ɗanasabe ya rantse daga baya cewa ya ji abu yana tsotsa daga ciki.

Ya tambayi abin da zai biya, yana lalube a aljihu. Falalu ya ture hannunsa.

"Kuɗin hwarko da za su shiga hannunka, na tukunyag ga na. Ko sisi kak ka taɓa, ka kawo su yadda sunka zo."

"In ban kawo ba hwa?"

"Sai ta karɓa da kanta."

Ɗanasabe ya ga ciniki ya yi araha, ya amince. Abin da hassada ta mantar da shi, boka bai manta ba: a ƙasar nan babu ɗan halak ɗin da kuɗinsa na farko ke tsallake hannun mahaifiyarsa.

Kwana biyu da fara gwaji, gwiwar Mujahid ta karye ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ejan ya kira Ɗanasabe. Cikin wata guda ya sa hannu a kwantiragi da wata babbar ƙungiya, aka zuba masa kuɗin da bai taɓa gani ba. Ya taho gida da niyyar wucewa Faru washegari, sai ya tarar labari ya riga shi. Mahaifiyarsa Inna Taiba ta share tsakar gida, dangi sun zo daga Morai, Malam Sufyanu na zaune yana jiran a kawo ya sa albarka. Da wane baki zai ce kuɗin na wani ne? Ya durƙusa ya ajiye su gaban Inna, yana raya wa kansa cewa zai ninka wa boka daga albashi na biyu.

Inna ta yi addu'a har da hawaye, ta raba kamar yadda ake yi. Aka yanka rago kowa ya ci, Malam ya sayi injin ban ruwa, ƙanwarsa Amira ta sami atamfa. Ɗanasabe kaɗai ne bai ci naman ba.

Daga nan duniya ta buɗe. Ƙwallo ta riƙa bin ƙafarsa kamar ta san shi, ana kiran sunansa a rediyo, ya tayar da bene a unguwarsu, ya sayi mota. In ya hango Mujahid yana ɗingishi a rumfar albasa, sai ya ji wani sanyi a ransa. Ya kai wa Falalu ninki uku. Boka ko kallon kuɗin bai yi ba, ya ce na biyu ba ya zama na farko.

Da rani aka tarar da Malam Sufyanu kwance a gona kusa da injinsa, injin na ta aiki, shi babu rai, babu ko ƙwarzane a jikinsa. Ba a yi arba'in ba Amira ta fara dariya ita kaɗai, ta yayyage atamfar nan da haƙora, har sai da aka ɗaure ta a ɗaki. Wani kawunsa, wanda ya yanka ragon nan, ya faɗi a hanyar Morai bai tashi ba. Sannan Inna ta kwanta, tana ramewa kullum, asibiti suka ce ba su ga komai ba.

Ɗanasabe ya koma bukkar da gudu. Ya ce a karɓi motar, a karɓi benen, a karɓi ƙafar ma, a bar masa uwarsa. Falalu ya ce ƙafar ai ta tukunya ce tun ranar da ta sha jini, ba a sayar wa mutum kayansa.

Ya dawo ya tarar Inna ta sa an jingine ta. Ta kira shi kusa da ita.

"Ɗanasabe, kuɗin ga da nis sa ma albarka, nir raba ma mutane da hannuna, na halak na?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa ta dama. Inna ta gane. Ta juya fuskarta ga bango, kuma ba ta sake ce masa komai ba har ta cika bayan la'asar.

Sauran kowa ya gani. Ƙafar dama ta kumbura ta fashe, ƙungiya ta soke kwantiragi, bene da mota suka tafi a neman magani. Yanzu yana zaure yana jan jiki, ta bayansa ana jin dariyar Amira. Mai kawo masa abinci kullum Mujahid ne, wanda har yau bai san abin da aka yi masa ba, kuma kowane kwano da ya ajiye sai ya ce Allah ya tashi kafaɗar abokinsa.

Ku da kuke buga ƙwallo a filayen garin nan, ku ji da kyau. Rabon wani ba ya zama naka don ka karya shi. Boka kuma ba ya sa sharaɗin da ya san za ka iya cikawa, kuma in ya tashi karɓa ba daga jikinka zai fara ba, daga waɗanda suka yi murna da kai zai fara.