Keken da Gwaggo ta Yar

Ranar da aka kawo lefen Rabi'atu, tsakar gidan Malam Isyaku da ke Malumfashi ta cika da mata tun hantsi. Ita kuwa tana ɗaka, ta manna kunne a asabari. Shekarar 1964 ce, kuma a iya sanin matan unguwa ba a taɓa haɗa lefe da keken ɗinki ba sai a nata. Ga shi nan baƙi wuluk, na hannu, yana ta ƙyalli.

Maiwada ne ya aiko shi, saurayin da ke da rumfa a bakin kasuwa yana gyaran risho da fitilu da dutsen guga. Duk Litinin yakan hau kekensa na hawa har Funtua ya tsinto ƙarafan da mutane suka zubar. Rabi'atu ta san wata biyar ya yi yana haɗa wannan keke daga gawar kekuna uku, don kawai ta taɓa ce masa tana son koyon ɗinki.

Ana cikin guɗa sai Gwaggo Hansai, yayar Malam Isyaku, ta matso. Ita ce babbar mai ɗinkin mata a unguwar, kuma bakinta ya fi allurarta kaifi. Ta juya keken, ta tsura wa wani tabon ƙuna a jikin katakon ido.

"Wannan ai nawa ne," in ji ta. "Ga inda aci-balbal ta faɗo masa. Bara da ya mutu na ba wani mai tara gwangwani, ya ba ni kwano biyu. Yau sharar ɗakina ce aka kawo wa 'yar ƙanena a lefe?"

Rabi'atu ta toshe baki ta yi kuka, kuka mai cin rai.

Da la'asar mahaifinta ya kira ta. Shi mutum ne mai sanyi, amma bai taɓa tsallake maganar yayarsa ba.

"Yaya ta ce an wulaƙanta mu. Ko ya kawo sabo, ko a mayar masa da kayansa."

Maiwada ya zo zaure washegari, ido ya faɗa. Ya rantse a hannun wani ya sayi gangar jikin a garin Dayi, bai san na wa ba ne.

"Zan sayar da kayan aikina kaf, Rabi — sifana, filaya, har keken hawan. In je Funtua in hau jirgin ƙasa zuwa Zariya in sayo sabo."

"Sannan mu ci me? Ƙyallin keken?" ta ce, tana goge ido da mayafi. "Kada ka sayar da ko sukurudireba ɗaya. Ni wannan nake so. Ka bar ni da su."

Ta durƙusa gaban mahaifinta ta roƙi abu ɗaya: a bar keken a ɗakinta zuwa Sallah, in ya so a yanke hukunci. Ya yarda. Tun daga ranar ta zauna kansa, ba mai koya mata. Ta ɓata tsummoki, allura ta soke ta ba adadi, Gwaggo na wucewa tana taɓe baki. Kafin azumi ya raba tsakiya, ƙananan yaran gidan duk sun sami riguna.

To, an sayar da auduga, kowa ya yanko atamfa, ɗakin Gwaggo ya cika da ɗinkin mutane. Saura kwana uku Sallah sabon kekenta, wanda take taƙama da shi, ya yi ƙas ya tsaya. Mata suka fara zarya a ƙofarta, wasu har da baƙar magana. Mai gyara kuwa ɗaya ne a garin. Gwaggo ta haɗiye girman kai da ƙyar, ta sa aka kira shi.

Maiwada ya cire takalmi, ya gaishe ta a tsugune kamar ba abin da ya faru, ya buɗe keken.

"Gwaggo, ƙoshiya ce ta karye, ƙarfen da ke kamo zaren ƙasa. Babu irinta sai Kano, kuma kafin a je a dawo an sauko idi."

Gwaggo ta dafe kai. Shekara ashirin tana ɗinki ba ta taɓa saɓa alkawari ba.

Rabi'atu na bakin ƙofa, ta ji komai. Ita ma rigarta ta Sallah na kan keke, hannu ɗaya ya rage, kuma zafin maganar nan bai bar zuciyarta ba. Ta ɗan jima a tsaye. Sannan ta shiga ɗaki, ta zare ƙoshiyar kekenta, ta kawo ta ajiye gaban Gwaggo.

"Ai kamfaninsu ɗaya. Ya gwada wannan."

Ƙoshiyar ta zauna daram. Maiwada ya murɗa hannun, keken ya ɗauka. Gwaggo ta daɗe tana kallon layin ɗinkin, sannan ta tambaya a hankali:

"Wannan ƙoshiyar ta tsohon kekena ce?"

"A'a, Gwaggo. Taki ta riga ta ruɓe. Wannan a juji na tsince ta, bayan tashar Funtua."

Wata mai jiran ɗinki ta kasa riƙe dariya. Gwaggo ta jawo atamfa ta hau aiki.

Ranar Sallah Rabi'atu ta saka tsohuwar rigarta ta bara. Da hantsi Gwaggo ta shigo da ƙoshiyar a ƙulle cikin gefen zane, da rigar nan mai hannu ɗaya, wadda ta sa aka ɗauko mata ta ƙarasa da kanta. Ta wuce wurin ƙanenta.

"Isyaku, a sa rana. Ni na yar da keken, shi ya tayar da shi. Ban ga abin da zai lalace a gidan yaron nan ya gagare shi ba."

Bayan mako uku aka ɗaura aure. Duk wanda ya raina sana'ar halal don hannun mai yin ta ya yi baƙi, wata rana zai nemi wannan hannun, kuma mai haƙuri ba ya rasa ranarsa. Da aka zo jeren ɗakin amarya, Gwaggo da kanta ta ɗora keken a kan teburi, ta juya tabon ƙunar ya fuskanci ƙofa.