Mai Shan Wutar Batir

An yi wani direba mai yawan zargi, wanda ya sa wa motarsa ƙararrawar ɓarayi saboda bai yarda da maƙwabcinsa ba. Tun daga nan, kullum da safe sai ya tarar batir ya mutu.

Ya ce, "Maƙwabcina ne." Ya sayi sabon batir, shi ma ya mutu. Ya ce, "Maƙwabcina ne!"

Maƙwabcin nan kuwa shi ya tura masa motar har gareji. Makanike ya yi ta zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, har ya iso kan wayar ƙararrawar.

Ya ce, "Malam, ga mai shan wutarka. Wa ya haɗa ta?"

Direba ya dubi maƙwabcinsa, ya gan shi sharkaf da gumi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne."